Yadda zaka riƙe gona kana tuƙa jirgin kamfani ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba

Duk wanda yaji ance mutum ɗaya yana noma kuma yana tuƙa jirgin kamfani, abinda yake fara faɗa shine ai taura biyu bata taunuwa, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba. Tana taunuwa ɗan'uwa, sai dai ba a lokaci guda ba, kuma dole akwai wacce zata haƙura ta jira. Bari na faɗa maka tun yanzu don kar ka ɗora gini akan kuskure: gona ce zata lanƙwasa, jirgi baya lanƙwasa. Ranar da akace ƙarfe 6 za'a tashi to ƙarfe 6 ɗin ne, ko saniyarka na naƙuda ko hadari ya haɗo hatsinka na shanye a fili. Idan zuciyarka bata karɓi wannan ba to ka zaɓi ɗaya ka riƙe da kyau, babu abin kunya a ciki. Idan kuma ta karɓa, to zo muyi maganar yadda ake tsara abin.

Da farko mu rarrabe, don mutane suna cakuɗa su. Matuƙin jirgin kamfani ba shine na jirgin fasinja mai tikiti ba, ba kuma shine mai feshin gona daga sama ba, duk da wancan ma sana'a ce mai tarihi tun 1921 aka fara gwada ta a Ohio ta Amurka. Namu shine kamfani ko wani mai hali ya mallaki jirgi don ɗaukar shugabanninsa da injiniyoyinsa da baƙinsa, irin su King Air mai farfela biyu ko Pilatus PC-12, ko jet kamar Citation da Phenom da Challenger da Falcon har zuwa manyan Gulfstream da Global masu tsallake teku. A jirgin fasinja akwai ma'aikata bila adadin a bayan matuƙi, a namu kuwa sau da yawa ku biyun nan ku ne komai. Kai zaka duba yanayi, kai zaka shigar da tsarin tafiya, kai zaka yi odar mai ka tsaya a zuba a gabanka, ka lissafa nauyi, ka ɗauki jakar oga ka jera a baya, ka nemi izinin sauka in ƙetare za'a je, bayan an sauka ka kakkaɓe kujeru ka kwashe shara, sannan ka zauna a ɗakin jira awa 6 ko 8 kana jiran a gama mitin ɗin da akace na awa 2 ne. Shi yasa ma manomi yake dacewa da aikin, don dama ya saba babu wani abu wai shi wannan ba aikina bane, in famfo ya lalace shi ne in taya ta sace shi ne. Kuma haɗin ba sabo bane, Clyde Cessna da kake ganin sunansa a jikin jirage ɗan gona ne daga Kansas ta Amurka, ya haɗa jirginsa na farko a 1911, ya kafa kamfanin a 1927, daga baya a 1936 ya bar shi a hannun 'ya'yan 'yar'uwarsa ya koma gonarsa.

Toh abu na farko da zaka yi ba makarantar tuƙi bane, likita ne. Kafin ka biya komai kaje wajen likitan da hukumar jiragen sama ta ƙasarka ta amince dashi ka nemi gwajin lafiya aji na 1, wanda shine ake buƙata a mafi yawan ƙasashe ga mai tuƙi don a biya shi. Zasu duba ido da ji da zuciya da hawan jini da fitsari, zasu buɗe maka littafin nan mai ɗigo ɗigon launi kana karanto lambobi. Na san mutumin da ya gama lasisin farko da gwajin aji na 2 yana murna, sai da yaje neman aji na 1 aka gano matsala a zuciyarsa, kuɗin da ya kashe sun riga sun tafi. Dan Allah ka fara da likita.

Daga nan sai tsani, kuma ba'a tsallake mataki. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya wato ICAO ita ta sa mafi ƙarancin abinda ake buƙata, kowace ƙasa ta ɗora nata akai. Lasisin tuƙi na ƙashin kai wato PPL awa 40 ne a sama kuma sai ka kai shekara 17 da haihuwa, amma kar ka sa ran gamawa a 40 cif, yawanci ana wucewa. Sai shaidar tuƙi da na'urori, wacce take baka damar shiga gajimare baka ganin komai sai allon gabanka, ita ce a ganina ta raba mai wasa da mai sana'a. Sai lasisin kasuwanci CPL, shekara 18 da awa 200, ko 150 in ta makarantar da aka amince da tsarinta ka bi, a Amurka kuma hanyar da aka fi bi awa 250 ce. Sai shaidar jirgi mai inji fiye da ɗaya. Can ƙololuwa lasisin tuƙi mafi girma wato ATPL, awa 1500 da shekara 21 a ma'aunin ICAO. Ga kuma Turancin rediyo, tun 2008 dole ka kai mataki na 4 a jarrabawarsa in zaka yi zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. Bayan duk wannan kowane jet yana da tasa shaidar daban, lasisinka na kasuwanci baya baka damar hawa Challenger kawai ka tayar, sai kaje kwas na makonni a na'urar kwaikwayon jirgi a wurare irin su FlightSafety ko CAE an sa maka sunan wannan jirgin a lasisi.

Shawarata a matsayinka na manomi, kayi karatun littafi a lokacin da gona ta yi shiru, shi kuma tashi sama kayi shi a jere sau 3 ko 4 a sati. Mai zuwa sau ɗaya a wata rabin darasinsa yana tafiya ne wajen tuno na baya, kuma agogon jirgi baya tsayawa don kana tunani, kowane minti kuɗi ne.

Wani abu kuma da zan faɗa da babbar murya, kar ka sayar da ƙasa don biyan makaranta. Sayar da amfani, sayar da maruƙa, bada hayar wani ɓangare na shekara 2 ko 3, ka ja lokaci in ya kama. Lasisi abu ne da gwajin likita ɗaya zai iya dakatar dashi, ƙasa kuwa tana nan. Kuma tsakanin awa 200 ɗin nan da kujerar jet akwai wani dogon fili da babu inuwa, don kamfanin inshora ne yake faɗin awoyin da matuƙi zai kawo kafin a bashi jirgi, ba oga kaɗai ba. Anan zaka yi koyarwa, ko ɗaukar kaya da daddare, ko jirgin ɗaukar hoton ƙasa, albashin ba wani abin kirki ba, kuma a shekarun nan gonar ce zata riƙe gidanka. In kamfani yace zai biya maka kwas ɗin jet amma ka sa hannu zaka zauna dasu shekara kaza, karanta takardar har ƙasa ka san nawa zaka mayar in ka tafi kafin lokaci.

Yanzu zaɓen aiki. Mutane suna kallon girman jirgi da albashi, kai manomi jadawali zaka fara kallo. Akwai aikin da kake zaman jiran kira kusan kullum, wayarka a kunne dare da rana, wannan shine mafi wahalar haɗawa da gona duk da wani lokacin sai kayi sati baka tashi ba, don baka isa ka fara aikin da bazaka iya ajiyewa ba. Akwai na juyi, kamar kwana 7 a aiki kwana 7 a gida da ake yi a wasu kamfanonin da mutane da yawa suke da hannun jari a jirgi ɗaya, ko mako 2 ko wata guda a wasu wuraren, wannan shine abokin manomi domin tun farkon shekara kasan ranakun da kake gida. Akwai kuma kwantiragi na rana rana, kai ke zaɓar tafiyar da zaka karɓa, ka toshe watan shuka da na girbi gaba ɗaya, amma fa kai zaka riƙa biyan kuɗin sabunta horonka kuma ba'a kiran wanda ba'a sani ba, sai ka yi suna tukuna. A wajen intabiyu ka tambaya ƙarara, in an kira ni awa nawa nake dashi kafin na iso wajen jirgi, ranakun hutu nawa ne tabbatattu waɗanda ba'a taɓawa, matuƙa nawa ne akan jirgin. Jirgi ɗaya matuƙa 2 kacal yana nufin babu mai canjinka. Kuma ka faɗa musu kana noma, kar ka ɓoye, gara suji daga bakinka. Sannan ka auna nisan gonarka da filin jirgi a mummunar rana, ranar ruwa da cunkoso, ba ranar da hanya take fayau ba.

Toh ga inda mafi yawa suke faɗuwa, wato irin noman da zasu yi. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta duk aikin gonarka, kowanne ka tambayi kanka, wannan in aka jinkirta shi kwana 3 me zai faru? Duk wanda amsarsa ita ce asara babba, to ko dai ka cire shi daga gonar ko ka tabbatar akwai wanda zai yi shi ba kai ba. Shanun madara ana tatsarsu sau 2 a rana kowace rana ta Allah, basu san kana wata ƙasa ba. Kajin gidan gona in iska ko ruwa ya ɗauke musu a rana mai zafi cikin awoyi kaɗan zaka tarar da gawa a shimfiɗe. Kayan lambu in sun nuna basa jira. Waɗannan ba naka bane sai in kana da manaja na gaske wanda aikinsa kenan. Abinda yake tafiya da rayuwar matuƙi shine hatsi irin masara da alkama da waken soya, inda aikin yake taruwa a wasu makonni na shuka da feshi da girbi sauran lokacin kuma sa ido ne, ko shanun nama da tumaki a makiyaya mai shinge da ruwa wadatacce, ko itatuwa waɗanda sati ɗaya ba komai bane a wajensu. Ko a dabbobin ma kar ka bar bijimi yana yawo cikin garke duk shekara, cikin saniya kusan kwana 283 ne, na tunkiya da akuya wajen wata 5, to ka ƙirga baya daga lokacin hutunka ka saki namijin a daidai lokacin da zai sa haihuwa ta faɗo kana gida. A hatsi kuma ka rarraba iri, mai saurin nuna da mai jinkiri, don kar gonar gaba ɗaya ta nuna a sati guda kuma ya zamana satin ne oga zai zaga ƙasashe 3. Ka rage faɗi ma in ya kama, hekta kaɗan da aka kula dasu sun fi mai yawa da ciyawa ta cinye. Kuma ka ƙulla da mai injin girbi na haya tun kafin shuka ko da kana da naka, ka riƙe lambar mutum 2.

Sai mutumin da zaka bari a gona, wanda shine ainihin mataimakin matuƙinka na ƙasa, ko matarka ce ko ƙaninka ko ɗan'uwa ko ma'aikaci. Kuskuren da na daɗe ina yi shine na bar masa aiki amma ban bar masa iko ba, komai sai ya kira ni, ni kuma ina sama waya bata shiga. Wata shekara masara ta bushe daidai, mai inji yazo da safe yace yana da sarari yau kaɗai, yaron ya kira ni sau 9 bai samu ba, ya ji tsoron yanke hukunci ya sallami mai inji, kwana 2 bayan nan ruwa da iska suka kwantar da kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Da na dawo na tsaya a bakin gona ina kallon karan a kwance cikin laka, ban iya yi masa faɗa ba don laifin nawa ne, ni ban taɓa ce masa kana da izini ba. Tun daga ranar na rubuta takarda na manna a ƙofar sito, irin yadda muke dashi a jirgi na in kaza ya faru kayi kaza. In na'urar awon danshi ta nuna hatsi ya sauko inda muka yi magana kuma an samu inji, a girbe, kar a jira ni. Kar a zuba masara a rumbu sai danshinta ya sauko 13 zuwa 14 cikin 100. In saniya ta daɗe tana yunƙuri babu ci gaba, ga lambar likitan dabbobi, a kira shi kafin a neme ni. Ga iyakar kuɗin da zaka kashe ba tare da tambaya ba. Kuma duk hukuncin da ya yanke bisa takardar nan ko bai yi daɗi ba bana tada maganar, don in ka tsawata masa sau ɗaya to ka koma gidan jiya. Ka biya shi da kyau, in da hali ka bashi kaso a cikin amfani, mai kaso baya barci irin na mai jiran ƙarshen wata.

Jikinka kuma shine jarin duka sana'o'in biyu, kuma wallahi gona ta fi jirgi barazana ga lasisinka. Duk shekara zaka koma gaban likita, wasu ma duk wata 6 in shekaru sun ja, kuma za'a riƙa sa maka abin kunne lokaci lokaci a gwada jinka. Ƙarar da ta wuce 85 a ma'aunin ƙara na desibel in ana daɗewa cikinta tana cin ji a hankali baka sani ba, tarakta mara rufi da injin niƙa da zarton inji duk suna iya wuce haka, to toshe kunne ba ado bane. Sandar nan mai juyawa a bayan tarakta tana zagaye 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya, in ta kama hannun riga babu wani saurin da zai cece ka, ka kashe inji kafin ka sauka ka duba komai, kuma kar ka cire murfinta. Maganin ƙwari musamman dangin oganofosfet yana shiga ta fata da numfashi, yana tsuke ƙwayar ido yana kawo dishi-dishi da ciwon kai da zufa, ka tuna da idon nan zaka nemi fitilun titin jirgi da daddare. Ni dai na daina feshi da hannuna in ina da tafiya a kusa, in kuma dole ne to safar hannu da takunkumi da tabarau da wanka nan take. Ko ƙurar hatsi in ta tada maka mura kar ka ɗauki kowane magani ka haɗiya, masu sa barci irin diphenhydramine hukumar jiragen Amurka cewa tayi sai an jira awa 60 bayan shan ƙarshe kafin a tuƙa, tambayi likitan jirgi wanda ya halatta.

Amma babban abokin gaba gajiya ce, kuma ita bata fitowa a gwajin likita. Doka tana ƙirga hutunka daga lokacin da ka bar filin jirgi, a tsarin jiragen haya na Amurka misali awa 10 ne kafin aiki, to amma doka bata san a cikin awa 10 ɗin ka hau tarakta ba. A takarda ka huta, a jiki kuwa ka yi aiki biyu. Na taɓa kaiwa ƙarfe 1 na dare ina kwasar hatsi don hadari na tafe, ƙarfe 5 na tashi na tafi filin jirgi ina jin kaina garau, muna hawa sama hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage ta bamu tsayin da zamu tsaya, na maimaita daidai da bakina amma yatsana ya murɗa wata lamba daban. Abokin tuƙina ne ya miƙo hannu ya nuna allon yace kyaftin duba nan. Babu abinda ya faru, fasinja basu ma sani ba, amma har muka sauka gabana na faɗuwa don na san a sararin da na kusa shiga akwai wani jirgin da mutane a ciki. Bincike ya daɗe da nuna cewa wanda yayi awa 17 ido biyu hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya, kuma mugun abin shine mai gajiya shine na ƙarshe da zai gane ya gaji. Dokata yanzu, daren da zan tashi da safe rana na faɗuwa na ajiye makullin tarakta, ko me ya rage a fili.

Haka kuma kar ka shiga da gona ɗakin tuƙi. Akwai ƙa'idar da aka kafa a jiragen fasinja na Amurka tun 1981 cewa ƙasa da ƙafa 10,000 babu hira sai ta aikin jirgi, kamfanoni masu tsari duk sun ɗauke ta, kai kuma ka ƙara da taka, kafin ka fara zagayen duba jirgi ka kira gona kira na ƙarshe ka kashe waya ka jefa a jaka. Saƙon da zaka gani kana bakin titi kana jiran izini cewa maraƙi ya mutu ba abinda zaka iya yi akai, sai dai ya cinye maka rabin hankali a daidai lokacin da kake buƙatarsa duka. Kuma son komawa gida da wuri yana kashe matuƙa, a aikinmu matsin ta fuska biyu yake zuwa, ga oga a baya yana duba agogo ga kai ma zuciyarka na gona. A ranar 29 ga Maris 2001 wani Gulfstream III ya faɗi a Aspen ta Amurka mutum 18 suka rasu, fasinja sun makara, duhu na shigowa ga dusar ƙanƙara, wanda ya ɗauki hayar jirgin ya nuna ɓacin ransa da akace watakila a sauka wani filin, matuƙan suka ci gaba. Ka koyi cewa ranka ya daɗe yau bazamu sauka can ba, ga filin da zamu je ga motar da na tanada, cikin ladabi kuma ba tare da rawar murya ba. Anan ma gona tana maka rana, don wanda yake da abin komawa bakinsa ya fi sakewa wajen faɗin a'a.

Jerin dubawa kuma, wato takardar abubuwan da ake bi ɗaya bayan ɗaya ana dubawa a jirgi, kar sabo ya sa ka raina shi. A 31 ga Mayu 2014 wani Gulfstream IV ya kasa tashi a Bedford ta jihar Massachusetts a Amurka, mutum 7 suka rasu, makullin da ake sa wa fukafukai don iska in jirgi na ajiye ba'a cire shi ba, da masu bincike suka duba sai suka ga a cikin tashi 175 na baya kashi 98 cikin 100 matuƙan basu yi cikakken gwajin motsa sitiyari ba, kuma ƙwararru ne masu dubban awoyi. Na kawo ɗabi'ar jerin dubawa gona, kafin a tada tarakta a zaga ta, mai, ruwa, taya, yoyo, babu yaro a ƙarƙashi, kowane inji da littafinsa na awoyi da ranar canjin mai kamar na jirgi. Ma'aikata sun ɗauka fitina ce da farko, yanzu su suke tuna min.

Ilimin yanayi dai riba ce da zaka ci sau biyu. Rahoton yanayin filin jirgi wato METAR da hasashensa wato TAF da kake karantawa kullum suna gaya maka iska da gajimare da ruwa, sai dai ka tuna TAF na kewayen filin jirgi ne kamar kilomita 8, in gonarka na da nisa ka haɗa da hoton rada da na tauraron ɗan adam. In ma'aunin zafi da na raɓa suka matso kusa da juna to hazo ko raɓa na tafe, ciyawar da ka yanka bazata bushe da wuri ba. Safiyar da iska ta tsaya cik hayaƙi yana kwanciya a ƙasa maimakon ya tashi, matuƙi ya san iska mai ɗumi ce ta danne mai sanyi, kuma a irin wannan lokacin feshi yana rataye ya tafi gonar maƙwabci, gara ka jira 'yar iska mai sauƙi ta motsa.

Kuɗi kuma asusu biyu, kar ka haɗa. Albashin jirgi yana da daɗin ɓoye asarar gona, sai kayi shekara 5 kana zuba mata kana cewa ana noma alhali rami kake cikawa, in ka ba gona kuɗi ka rubuta bashi ne. Ka nemi inshorar rasa lasisi in akwai a inda kake. A zirga-zirgar kasuwanci ta ƙasa da ƙasa shekara 65 ce iyaka, jirgin kamfani na ƙashin kai dokarsa ta danganta da ƙasa, amma ko babu doka likita ko inshora zasu iya tsayar da kai kafin nan, don haka gonar ta riƙa tsayawa da ƙafarta tun kana tashi.

Farkon kowace shekara ka ɗauko kalanda ɗaya ka zuba komai a kai, makonnin shuka da girbi da haihuwar dabbobi da jan biro, sannan ranar ƙarewar takardar likita da komawa na'urar kwaikwayo da sabunta fasfo da biza, ka tura waɗannan zuwa watannin da gona take hutawa tun da wuri don gurbin horo yana cika. In kana kwantiragi ka toshe wata 2 don girbi ka tuna sai kayi tashi 3 da sauka 3 cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja, kar ka dawo ka tarar ka fita daga ƙa'ida. Ka nemi hutun girbi wata 6 kafin lokaci, kuma ka karɓi ranakun da abokan aikinka basa so, lokutan bukukuwa da ƙarshen mako, don ranar da zaka roƙi canji su ma su karɓa maka. In ka dawo daga doguwar tafiya musamman wacce aka je inda agogonsu ya bambanta da na gida, kar ka sauke jaka ka hau inji, kayi barci tukuna. Da safe ka zaga da mutuminka a ƙafa, shi yana gaba yana nuna maka kai kana saurare, ku fara daga wajen ruwan dabbobi, sai shinge, sai sito, ku buɗe littafi ku ga abinda aka kashe da abinda aka yanke baka nan, in akwai abinda ya faru wanda babu shi a takardar ƙofar sito to ku ƙara shi a wajen kafin ku shiga wani aikin.